Wace tashar rubutu ta shekarun 1970 ta cancanci ka haɗa da hannunka?

Wanda ya sayi Altair 8800 a Amurka a 1975, abin da ya samu akwati ne mai jerin makunnai da ƙananan fitilu. Ba madannai, ba fuskar da za a ga rubutu. In yana son ya yi magana da kwamfutarsa cikin haruffa, sai ya nemi Teletype Model 33, injin buga rubutu mai ƙara kamar keken ɗinki, wanda ke fitar da haruffa goma a daƙiƙa, kuma kuɗinsa ya ninka na kwamfutar. Wannan ne ya sa masu sha'awar lantarki suka juya ga talabijin ɗin falo. Tunda akwai fuska a gida, abin da ya rage shi ne fanel ɗin da zai zana haruffa a kanta, da madannan da za a buga su. Haɗin nan shi ake kira taminal, wato tashar rubutu.

Yau mai gyaran talabijin, ko ɗalibin injiniya, ko wanda ya haɗa kwafin tsohuwar kwamfuta, in ya ce zai sake gina ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi, sunaye biyar ne za su riƙa dawo masa: TV Typewriter na farko, CT-1024, VDM-1, TVT-6, da ADM-3A. A hoto duk kamar abu ɗaya suke yi. A kan teburin aiki kuwa sun sha bamban, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne zai fi ba ka wahala.

Ma'aunan da za a auna su da su

Na farko shi ne tambayar da ta raba su gida biyu: ina rubutun yake zaune, kuma wa ke ɗawainiyar nuna shi? Talabijin ba ta da tuni. Tana zana hoto ne ta sake zanawa, sau 60 a daƙiƙa a tsarin Amurka. Dole a samu ma'adanar da ke riƙe da haruffan, da abin da zai riƙa karanto su ba tsayawa. Wasu tashoshin suna da nasu ma'adana da nasu agogo, kwamfuta sai dai ta aiko musu harafi bi da bi ta waya. Wasu kuma a cikin kwamfutar suke, ma'adanarsu wani yanki ne na tata. Wannan bambanci shi ke yanke hukuncin ko tashar za ta yi aiki da kwamfutar da kake da ita.

Na biyu kuɗi. Farashin zamanin na nan a rubuce, amma ga mai gini yau, abin dubawa shi ne ko ayisi-ayisin (IC, ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da ake dasawa a fanel) suna samuwa. Na uku yawan rubutu da irinsa: haruffa nawa a layi, layi nawa, akwai ƙananan baƙaƙe ko manya ne zalla. Na huɗu sauƙin haɗawa da gano matsala. Na biyar ƙarko. Na shida haɗari, ga aljihu da kuma ga rai, don wasu daga cikin aikin nan suna kai hannu kusa da wuta mai kisa.

| Tasha | Shekara | Farashin lokacin | Rubutu | Yadda take haɗuwa da kwamfuta |
|---|---|---|---|---|
| TV Typewriter | 1973 | kayan wajen dala 120 | 32 a layi 16, manyan baƙaƙe | ba ta zo da hanyar haɗi ba, sai an ƙara |
| CT-1024 | 1975 | dala 175, cikakkiya dala 275 | 32 a layi 16, shafi biyu, manyan baƙaƙe | layin siriyal (bayani bi da bi) ko na falalel (harafi a tashi ɗaya ta wayoyi da yawa) |
| VDM-1 | 1976 | kusan dala 200 | 64 a layi 16, manya da ƙanana | ana soka ta a ramin S-100 na cikin kwamfuta irin Altair |
| TVT-6 | 1977 | wajen dala 35 | yawanci 32 a layi 16 | ana ɗaura ta a jikin ƙaramar kwamfutar KIM-1 |
| ADM-3A | 1976 | dala 995 a warwatse, 1,195 a haɗe | 80 a layi 24 | layin siriyal |

TV Typewriter na Don Lancaster

Ita ce uwar sauran. Ta fito a bangon mujallar Radio-Electronics ta Satumba 1973, kafin Altair da fiye da shekara guda. Mujallar ba ta buga cikakken zanen ba, sai ta ce mai so ya aiko dala 2 a turo masa ɗan littafin gini mai shafi 16, kuma dubban mutane suka aika. Kamfanin SWTPC na San Antonio a jihar Texas ya riƙa sayar da fanel-fanel ɗin a dala 27, manyan ayisin kuma a dala 49.50. Sauran kayan kowa ya nemo da kansa. Samfurin da Lancaster ya gina yana ajiye a gidan tarihin kwamfuta na Mountain View a Kalifoniya.

Ba a yi ta don kwamfuta ba tun farko, don a 1973 ba mai kwamfuta a gida. An yi tunanin za a yi amfani da ita wajen sa rubutu a shirin talabijin, ko tallan kanti, ko taimakon kurame. Ka danna harafi, ya fito a fuska, shi ke nan. Sai da kwamfutar Mark-8 ta fito a 1974, Altair ta biyo baya, sannan mutane suka fara ƙara mata fanel na siriyal. Ko madannan ma matsala ne a lokacin, har sai da Lancaster ya fitar da zanen yadda mutum zai ƙera nasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ma'adanarta. A 1973 ma'adanar da za ka ce mata "ba ni harafi na ɗari" ta miƙo maka nan take tana da tsada, don haka aka yi amfani da wata iri da haruffa ke tafiya a cikinta kamar jerin gwano: su shiga ta nan, su fita ta can, su sake zagayowa. Ayisi shida ne a kowane shafi, kowanne yana riƙe da ɗigon bayani (bit) 512. In kana son rubuta harafi a wani gurbi, sai ka jira gurbin ya zagayo. In agogon da ke tura jerin ya tsaya, rubutun ya ɓace. Dabara ce mai burgewa, kuma Steve Wozniak ma ma'adana irin wannan ya sa a ɓangaren nuna rubutu na Apple I a 1976, shi ya sa waccan kwamfutar ba ta wuce haruffa 60 a daƙiƙa.

Ga mai gini yau, waɗannan ayisin na Signetics an daina yin su tun tuni. Abin da ke kasuwa ragowar tsohon kaya ne, masu haɗa kwafin Apple I ma suna farautar danginsu, kuma a irin wannan kasuwa ake samun na jabu da aka goge lamba aka buga wata. Ga su da son wuta iri-iri: ban da bolt 5, tsohon ayisin zanen haruffa mai lamba 2513 yana neman wuta mai koma baya, wato negatif, har da bolt 12. Ka yi kuskuren waya ɗaya, ka ƙone abin da ka yi wata biyu kana jira. Ginin kansa fanel-fanel ne da ake ɗora su a kan juna, da wayoyin tsallake masu yawa, kuma mahaɗan nan su ne ke fara kawo ciwon kai idan abu ya tsufa. Gano matsala ba tare da osiloskof ba, wato na'urar da ke nuna siffar sigina a fuska, lalube ne cikin duhu, don komai na tafiya ne, ba abin da ke tsaye da za ka auna da mita.

Ina ganin girmanta, amma ba zan ba wanda bai taɓa irin aikin ba shawarar ya fara da ita ba.

CT-1024, wadda ake kira TV Typewriter II

Sunan na yaudara, don ba Lancaster ne ya zana ta ba. Ed Colle ne, injiniyan da ya yi aikin tashoshi a kamfanin Datapoint, kuma Radio-Electronics ta fara kawo ta daga Fabrairu 1975. SWTPC ta sayar da ita a kwali ɗaya da duk kayanta, abin da ta farko ba ta samu ba. Dala 175 ne ainihin kayan, in ka haɗa da madannai da taransifoma da fanel na siriyal ya kai dala 275. Da yawa daga masu Altair da masu SWTPC 6800 da ita suka fara ganin BASIC, harshen rubuta shirin kwamfuta, a fuska.

Babban canjin shi ne ma'adana. A cikin shekara biyun nan farashi ya sauko, aka sa ayisi shida masu lamba 2102, kowanne ɗigo 1024. Daga nan sunan ya fito: haruffa 1024, shafi biyu masu 512. Wannan ma'adana tana tsaye, kowane gurbi da adireshinsa, bolt 5 kawai take ci. Yawancin sauran ayisin kuwa dangin 7400 ne, waɗanda har gobe ana ƙera 'yan'uwansu. Wannan kaɗai ya sa ta fi ta farko sauƙi nesa ba kusa ba. In harafi ya fito a gurguje, kana iya bin sawunsa: daga madannai zuwa ma'adana, daga ma'adana zuwa ayisin zane, daga nan zuwa wanda ke jero ɗigogi zuwa talabijin. Kowane mataki ayisi ne da za ka nuna da yatsa. Ban san wani aiki da ke koya wa mutum yadda hoto ke samuwa a fuska kamar wannan ba.

Tana da nata aibu. Ba ta gungura rubutu sama. In shafi ya cika, sai ta koma can sama ko ta juya ɗaya shafin, kuma wanda ya saba da allon yau zai ji abin kamar ana share masa allo yana tsakiyar karatu. Haruffa 32 a layi sun yi kaɗan, layin shiri mai ɗan tsawo sai ya karye biyu. Masu ita da yawa sun yi mata kwaskwarima ta koma 64 a layi, kuma kamfanin da kansa ya maye gurbinta a 1977 da CT-64 mai gungurawa. Gudun layin siriyal ɗinta ma matsakaici ne, amma ko a hakan ta tsere wa Teletype, wanda kusan daƙiƙa 51 zai ɗauka kafin ya buga haruffa 512.

Abu biyu mai gini zai kula. Ayisin 2102 tsohon kaya ne, ko da yake ya fi na jerin gwano samuwa, kuma ana iya sa ma'adana ta zamani a madadinsa. Sai dai 2102 ƙofar shigarsa daban, ta fitarsa daban, na zamani kuwa ƙofa ɗaya suke amfani da ita, don haka sai an ƙara ɗan ayisi a tsakani. Na biyu, in ka canza tsofaffin 7400 da sababbin iri, saurinsu ba ɗaya ba ne, kuma wuraren da aka auna lokaci da kafasita da rezista na iya buƙatar gyara. Ban da wannan, fanel ce mai ƙarko, in soda ta yi kyau za ta daɗe.

VDM-1 na Processor Technology

Wannan ba tasha ba ce a ma'anar sauran, kuma nan mutane ke ruɗewa. Fanel ce da ake sokawa a cikin kwamfuta mai ramukan S-100, irin Altair da IMSAI 8080. Lee Felsenstein ne ya zana ta, mutumin da ya riƙa jagorantar zaman ƙungiyar masu haɗa kwamfuta ta Homebrew Computer Club, kuma tunanin ya samo asali ne daga aikinsa a Community Memory, wani allon sanarwa na kwamfuta a Berkeley, inda suka sha fama da injin Teletype da aka ajiye wa jama'a. An fara tallarta a ƙarshen 1975, ta shiga hannun mutane a 1976.

Dabararta ita ce ma'adanarta mai haruffa 1024 tana cikin adireshin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ba a aika mata harafi ta waya. Furosesa ta ajiye lamba a gurbi, nan take harafi ya bayyana a daidai wurin a fuska. Saurin nan ne ya buɗe ƙofar abubuwan da tashar siriyal ba ta iya yi a lokacin: wasanni masu motsi irin Target da Trek-80 na Steve Dompier, da Electric Pencil na Michael Shrayer, manhajar tsara rubutu da ta fito a ƙarshen 1976. Tana da manya da ƙananan baƙaƙe, tana iya juya harafi ya zama baƙi a kan fari, tana gungura rubutu. Zanenta ne aka zuba a cikin kwamfutar Sol-20. In maganar abin da ido zai gani ne a kan kuɗin da aka kashe, ita ce kan gaba a cikin biyar ɗin.

To amma dala 200 ɗin nan ba su ne ƙarshen lissafi ba. Ba ta karɓar madannai, sai ka samu wata fanel ta daban da za ta karɓa. Tana buƙatar manhajar da za ta riƙa kula da inda rubutu ya tsaya da lokacin gungurawa, kuma manhajar da aka rubuta don Teletype ba za ta gan ta ba sai an gyara ta. Haruffa 64 a layi sun fi ƙarfin talabijin da aka shiga ta wajen eriya, rubutun sai ya dagule, don haka ana buƙatar monita ko talabijin da aka yi wa hanyar bidiyo kai tsaye. Akwai kuma ɗan tartsatsi da ke gilmawa a fuska idan furosesa da fanel suka nemi ma'adana lokaci ɗaya. Sannan ita kanta S-100 duniya ce: wutar da ba a daidaita ba take rabawa, kowace fanel da nata mai daidaita wuta a jiki, kuma suna zafi. A ɗakin da ba fanka a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In ba ka da kwamfutar S-100, ko niyyar gina ta, ka tsallake wannan. Fanel ɗin ita kaɗai ba ta nuna komai.

TVT-6, mai araha

Lancaster ya dawo a mujallar Popular Electronics a 1977 da wata dabara ta daban. Tunda kwamfuta tana da furosesa da ma'adana, me zai sa a sake sayen wasu? Sai ya zana 'yar fanel da ayisinta ba su kai goma ba, wadda ke sa furosesar 6502 ta KIM-1 ta riƙa zagaya gurbin rubutu da kanta, fanel ɗin kuma ta tsinci haruffan a hanya ta mai da su hoto. Kamfanin PAIA ya sayar da kayan a wajen dala 35. KIM-1 kanta dala 245 ce, ka ga da ƙasa da dala 300 mutum ya samu kwamfuta mai nuna rubutu a talabijin.

Araha ba ta ado. Yayin da ake nuna hoto, furosesa ba ta da lokacin wani aiki sai ɗan abin da ya rage tsakanin hoto da hoto. In shiri yana son cikakken lokaci, fuska ta ɗauke. Wanda ya taɓa ganin Sinclair ZX80 ta 1980 yadda fuskarta ke ƙiftawa duk sanda aka danna madanni ya san wannan ciwo, don dabarar dangin juna ce. KIM-1 ma'adanarta ta haruffa 1024 ce kacal, shafi mai haruffa 512 ya cinye rabi. Kuma sai ka yi wa KIM-1 tiyata, ka jawo wayoyi daga cikinta. Da ainihin KIM-1 ta 1976 ba wanda ya kamata ya yi haka yau, don ta zama kayan tarihi mai tsada. Da kwafinta ne za a gwada.

Soda kaɗan ce, yini ɗaya ya isa. Wahalar tana cikin manhaja, inda sai ka ƙirga zagayen agogo na kowane umarni, ɗaya ya kuskure hoto ya karkace. Akwai kuma ɗan ayisin da ake ƙona wa bayani sau ɗaya, irin da na'urorin ƙonawa na yau da yawa ba su san shi ba, sai an nemi madadinsa. Ƙarkonta ba laifi tunda kayan kaɗan ne. Haɗarinta ga kwamfutar da aka ɗaura ta ne.

ADM-3A na Lear Siegler

Na sa ta a jerin ne don an sayar da ita a warwatse, mutum ya yi wa babbar fanel ɗinta soda a gida ya rage dala 200. Amma ajinta daban. Tana da nata fuska mai inci 12, da madannai, da gida mai kyau. Haruffa 80 a layi 24, jimla 1920, kusan ninki huɗu na shafin CT-1024. Kamfanin da kansa ya laƙaba mata Dumb Terminal, wato tashar da ba ta da wayo, don ba furosesa a cikinta, ayisi ne zalla. Ana saita gudunta da ƙananan makunnai da ke ƙarƙashin wani murfi kusa da madannai, har zuwa ɗigon bayani 19,200 a daƙiƙa. Ƙananan baƙaƙe sai an ƙara mata ayisi.

Ta bar sawu a inda ba a zata ba. Kibiyoyinta a jikin madannan H, J, K da L aka zana su, kuma da ita Bill Joy ya rubuta vi, manhajar gyara rubutu, a Berkeley, shi ya sa har yau da waɗannan haruffa huɗu ake yawo a cikin vi da vim.

Yau ba kwalin kayanta da za ka saya. Tsohuwa za ka nema ka gyara, daga waje, da nauyinta da kuɗin jirgi da na kwastan, ga fargabar kwalbar fuska ta fashe a hanya. Sanannen ciwonta shi ne gam ɗin da ke tsakanin kwalbar da gilashin kariya yana ruɓewa, fuskar ta yi kamar ido mai yana. Ana gyarawa, amma aiki ne a jikin kwalba mai iya fashewa. Ga wutar bolt dubbai da ke iya zama a ciki bayan an kashe. Mai gyaran tsohuwar talabijin ya san wannan, wanda bai sani ba kada ya koya a kanta shi kaɗai. In ta tashi kuwa, ita ce mafi amfani a cikin biyar ɗin, don manhajojin tafiyar da kwamfuta na CP/M da Unix duk layi mai haruffa 80 suke so.

Abin da ya shafe su duka a wajenmu

Yawancin zane-zanen nan don wutar Amurka aka yi su, bolt 120 mai bugu 60, da talabijin mai layi 525. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce mai bugu 50, tsofaffin talabijin ɗinmu kuma masu layi 625 ne, PAL a Najeriya, SECAM a Nijar. Taransifomar da ke cikin zanen ba taka ba ce, sai ka sa wadda ta dace ko ka yi amfani da abin ba da wuta na zamani. Launi ba matsala ba ne tunda fari da baƙi ne. Lokaci ne matsalar. Tsohuwar talabijin mai kwalba da ke da maɓallin tsayar da hoto takan yi haƙuri da siginar da ba ta cika daidai ba, sabuwa mai faifai kuwa sau da yawa sai ta ce ba sigina, alhali ginin naka lafiya lau. Ka gwada da talabijin fiye da ɗaya kafin ka fara kwance abin da ka haɗa.

Gargaɗin da mujallun lokacin suka riƙa maimaitawa yana nan: akwai tsofaffin talabijin da ƙarfen cikinsu a haɗe yake da wutar gida kai tsaye. Ka jawo waya daga irin wannan zuwa fanel ɗinka, madannanka sun zama tarko. Ka shiga ta ramin bidiyo mai launin ɗorawa da kamfani ya tanada, ka bar yi wa talabijin tiyata.

Sai maganar baƙaƙenmu. Ba ɗaya daga cikinsu da ta san ƙ, ɗ ko ɓ. Ayisin 2513 haruffa 64 kawai ke cikinsa, kowanne ɗigo 5 a faɗi, 7 a tsaye. Amma siffar harafi a ayisi ɗaya take, kuma ana iya cire shi a sa irin wanda ake gogewa a sake rubutawa, da 'yar fanel ta daidaita ƙafafu. A TV Typewriter da CT-1024, ma'adanar ɗigo shida take riƙewa ga kowane harafi, don haka gurbi 64 ne ba ƙari, sai ka sadaukar da alamomin da ba ka amfani da su ka zana Ƙ, Ɗ da Ɓ a wurinsu. A VDM-1 gurbi 128 ne, akwai sarari ga manya da ƙanana. A ɗigo biyar, lanƙwasar Ƙ tana cin wuri, sai an matse jikin harafin kafin ya fita a gane shi.

Wa ya dace da wace

In burinka ka fahimci yadda harafi ke tashi daga madanni ya zama haske a fuska, kuma kana son abin da za ka haɗa da kowace ƙaramar kwamfuta mai layin siriyal, CT-1024 ce taka. Ita zan ba ɗalibi mai aikin kammala karatu, da mai gyara da ke son shiga lantarkin lissafi.

In kana da kwamfutar S-100 ko kwafinta, kuma wasanni da manhajojin 1976 kake son gani yadda suke, VDM-1, tare da fanel ɗin madannai da monita mai kyau.

In 6502 ce ta kama ka, kana da kwafin KIM-1, kuma ƙirga zagayen agogo daɗi yake maka, TVT-6. Ita ce mafi ƙarancin kashe kuɗi.

In aiki kake son yi a CP/M ko tsohuwar Unix, kana da hannu a gyaran talabijin mai kwalba, kuma aljihu zai ɗauki jigila, ADM-3A.

TV Typewriter ta 1973 ta mai tara kayan tarihi ce, ko malamin da ke son nuna wa ɗalibai yadda aka yi kafin ma'adana ta yi araha, wanda ya riga ya gina ɗaya daga cikin sauran kuma yana da osiloskof.

In kuwa kwamfutar ce damuwarka, tashar kawai hanya ce, kada ka gina ko ɗaya daga cikin biyar ɗin. Akwai zane-zanen zamani da ayisi ɗaya ke yin aikin duka, irin wanda Geoff Graham na Ostireliya ya fitar a 2014 a kan ayisin PIC32, mai kwaikwayon tashar VT100, yana karɓar madannan PS/2 yana fitar da hoto ta VGA ko ramin bidiyo. Yamma ɗaya ta isa a haɗa shi, sai ka koma kan kwamfutarka.